Bangon da Babu Sunan Gudrun

Kullum da safe, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, Gudrun Thygesen takan jingine kekenta a bayan 'yar cibiyarmu ta lissafi a birnin Aalborg, ta ɗora kofi, ta zauna gaban na'ura. Aikinta ɗaya ne, kuma mai jawo baƙin jini. Duk wanda ya ce ya gano sabuwar lamba gagara-rabo, wato wadda ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da kanta, Gudrun ce ke sake gwada ta a wata na'urar. In amsa ta dace, a rubuta sunansa a bangon ɗakin shan kofi, ya sayo kek. In ta saɓa, ita ke ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Ta tsufa a kan wannan aiki, sunanta bai taɓa hawa bangon ba. Kuma tana so, ba ta taɓa ɓoyewa ba.

Ana dab da ritayarta, sai binciken da take yi a gefe ya fito da wata lamba wadda in an buga ta za ta cika littattafai. Gwajin farko ya ce ba ta rabuwa. Troels, shugabanmu, har ya ɗauko fenti.

"Ajiye," in ji ta. "Ba a maimaita ba."

"Haba Gudrun, ai ke ce mai maimaitawar."

"Ba a kan tawa ba. Asger zai yi."

"Asger da kika kashe wa tasa bara? Kin ko samu mai tausayi."

Ta sani sarai, amma ta miƙa masa. Daga ranar, burodin da take kawowa don abincin rana haka yake komawa gida ba ta ci ba.

Ranar walimar sallama an taru, kek na kan tebur, Troels ya sake ɗauko fenti zai rubuta sunanta, sai ga Asger, fuska ba walwala. Ya matso kusa da ita, ya yi ƙasa da murya.

"Tana rabuwa. Na gwada, na sake gwadawa. Ba wanda ya sani. In kina so, sai Litinin in faɗa."

In aka jira Litinin, ta riga ta tafi, fenti ya bushe, kuma ba mai ƙarfin halin goge sunanta. Ta daɗe tana kallon bangon.

"Jama'a, lambar tana rabuwa," in ji ta. "Troels, mai da fentinka. A yanka kek kada ya bushe."

Gudrun, ke ce mai ƙwanƙwasa ƙofar da kowa ke tsoro, kuma da layi ya zo kanki ba ki kauce ba. Mun ji miki ciwo ranar nan, har yau muna ji. Mun gode.

Duk wanda ya gaji kujerarta, ya tsaya gaban bangon nan kafin ya zauna. Sunanta ba ya ciki, amma saboda ita babu sunan ƙarya ko ɗaya.