Karan da Aka Auna Inna

Ina cikin aji a Dogon Dutsi, ina koya wa yara sunayen kogunan da babu ɗayanmu da zai taɓa gani, waya ta yi ƙara a aljihuna. Ƙanena ne, daga ƙauyenmu can bayan Matankari. Ya ce Inna ta faɗi a bakin murhu, ba ta motsi, ba ta amsa kira, sun samu motar kasuwa suna tafe da ita. Tsakiyar bazara ce.

Na tarye su a ƙofar likita, wato asibiti. An shimfiɗe ta a bayan mota tsakanin buhunan wake, an lulluɓe mata fuska da mayafi saboda rana. Na ɗaga mayafin. Tana numfashi, amma sai ka kai kunne kusa kafin ka yarda. Majo, babban mai jinya, ya soki yatsarta ya duba, ya ce suga ne ya sauka: ta ɗauki azumin nafila a wannan zafi, ga maganin suga da take sha. Aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Na zauna ina kallon ɗigon. Duk karatun da nake taƙama da shi ya watse ya bar ni da addu'a guda, wadda ita ta koya mini tun ban shiga lakwal, makarantar boko, ba. Kafin la'asar ta buɗe ido, ta dube mu, ta tambaya ko an sauke tukunya.

A can ƙauye kuwa mutane sun ga mota ta fita da mace a miƙe, fuska a rufe. Baffa, ƙanen marigayi mahaifinmu, bai taɓa ganin wanda aka fitar haka ya dawo a zaune ba. A wurinmu gawa ba ta jira, balle da bazara, kuma ƙasar maƙabartarmu marmara ce, tana cinye wa masu haƙa yini. Baffa mutum ne da ba ya son a iske aiki bai kammala ba. Al'ada ita ce a yanki kara daidai tsawon mamaci a ba masu haƙa. Tunda babu mamaci a kusa, ya shiga ɗakin Inna ya auna tabarmarta. Waya ba ta cika shiga ƙauyen ba. Lokacin da albishir ya isa, har an saro itacen rufi an jera a bakin kabari.

Washegari na je ɗauko mata tufafi, na iske ana gardama a zaure kan kabarin. Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta daɗe da barin rawar bori, amma iskoki ba su bar zancenta ba.

"An riga an buɗe shi," in ji ta. "Sai a ba shi wani abu. A sa baƙin bunsuru ciki a ruhe, in ba haka ba zai nemi mai shi."

Ƙanena ɗan kasuwa ne, daga cikin samarin da suka ɗage wando suka riƙe sunna da ƙarfi. Ya ce, "Gwaggo, rami ne. Shebur ta tona, shebur za ta mayar. Rai na hannun Allah, ba hannun bunsuru ba."

Aka juyo gare ni, tunda ni ne mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal. Bakina ya bi ƙanena, cikina ya bi Gwaggo. Baki aka ji. Aka mayar da ƙasa, aka yi alkawari Inna ba za ta sani ba.

An manta da karan. Wani ya mayar da shi bayan ƙyauren ɗakinta, wataƙila don bai san inda ake jefar da irinsa ba. Ranar da muka dawo da ita, mata suna ta shigowa barka da arziki, na ga idonta ya tsaya a kansa. Kara ne mai kaifin yanka a kai da gindi. Duk macen da ta yi wankan gawa ta san shi, Inna kuwa ta yi da yawa. Ta jira ɗaki ya rage, ta aika a kira Baffa. Akwai wasa tsakaninsu tun tana amarya, irin na mace da ƙanen miji.

"Kai, mijin wahala, kai ka auna ni?"

"Tabarma na auna, matar yaya."

"Ai tabarmar ta hi ni tsawo. Ina da rai ba ka taɓa yi min ɗinki ba, sai yanzu za ka yi min ɗaki da sarari."

Baffa ya yi dariya. Dariyar ta ƙi tsayawa inda ya so, ya sa hannun riga ya rufe fuska. Ban taɓa ganin haka gare shi ba, ko ranar da muka binne yayansa.

Da ta ɗan ji ƙarfi ta ce a kai ta ta gani. Mata ba sa shiga maƙabarta a garinmu. Na zaci ƙanena zai kawo hujja, sai na ga shi ne ya ɗaura wa jaki amalanke. Muka tsaya daga bakin shinge. Wurin ba ya ɓoyuwa, jar ƙasa sabuwa a gindin aduwa. Ta daɗe tana kallo.

"Da inuwa ma," ta ce. "Alhamdu lillahi. Mu koma, awakina ba su sha ruwa ba."

Tun daga ranar take kiran kwanakinta gyara, irin ɗan ƙarin da mai awo ke zuba maka bayan kwano ya cika. Kowace Juma'a tana dama fura ta ajiye a ƙofar gida don masu wucewa. Ta rage azumin nafila, bisa umarnin Majo, ta ƙara yawan godiya, wannan kuma babu wanda ya umarce ta. Ni ban samu irin natsuwarta ba. Har yau in waya ta motsa ina cikin aji, alli yakan tsaya a hannuna.

Gwaggo ta riga Inna rasuwa, ba tare da an yanka bunsuru ba. Kaburbura suka yi ta matsowa har suka kewaye wurin. Duk damina ƙasar takan ɗan lotsa, siffar ta sake fitowa, doguwa, daidai tabarma. Ranar da Baffa ya rasu, masu haƙa suka ce ga wuri mai taushi an riga an sha wahalarsa. Ƙanena ya ce su matsa gaba. Na ce masa a hankali, "Ashe ba rami ba ne kawai?" Ya ce, "Na sani, yaya." Ya karɓi diga da hannunsa ya fara saran marmara.

Da na je gida kwanan baya na iske karan yana nan bayan ƙyaure, ya yi baƙi da hayaƙi. Inna ta dafa bango ta tsaya kusa da shi. Ta ranƙwafa ƙwarai, yanzu ya fi ta tsawo sosai. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari.

"Kai wannan," ta ce, "in lokaci ya yi kada ku yanki sabo. Wannan ya isa."

Sannan ta tambaye ni ko na ci abinci.