Cokalin Ƙarfe Goma: Ga Yaya Mas'udu Sabo

Ranar Talata, 10 ga Janairu 2023, ina bakin gadi a unguwar Al Muntazah, nan Doha, aka kira ni aka ce ka faɗi a kicin, kafin a kai ka asibiti rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce to, na mayar da waya aljihu, na ci gaba da buɗe wa motoci ƙofa. Har yau ban yi kuka ba, Yaya.

Shekara tara kana dafa romon kaza da taliya a ɗan gidan abincin Japanawan da ke kallon ginin da nake gadi. Kujera sha huɗu ne kacal. Mai wurin, dattijo Bajapane, shi ya ɗauke ka daga wanke-wanke ya koya maka. Akwai injiniyan da ke tuƙo mota tun daga Umm Salal, can bayan gari, saboda kwano ɗaya, kuma ba ado ke kawo shi ba, don wurin ba shi da shi.

Yanzu zan faɗi abin da ka ce in rufe. Korona ta kama ka a 2020, ka warke, amma ɗanɗano bai dawo ba. Ka ƙetaro titi ka same ni, ka ce, "Uwais, harshena ya mutu. In maigida ya ji, aiki ya tafi, takardar zama ta bi shi. Ara mini naka." Daga nan kullum ƙarfe goma na safe, kafin a buɗe, nakan zagaya ƙofar baya ka miƙo mini cokali. Wata uku ka yi kana koya mini bambancin romon da ya nuna da wanda aka gaggauta, kana ce mini ɗan ƙauye.

Sau ɗaya na ci amanarka. Lokacin Kofin Duniya ne, ina aikin mutum biyu, layi kuma ya kai bakin titi. Na lasa a tsaye, ban ma ji ba, na ce khalas, shi ke nan, romon ya yi. Gishiri ya yi yawa. Baƙi suka shanye, ba su san komai ba. Amma kwanon injiniyan nan ya dawo rabi, ka tsaya kana kallonsa. Ka zubar da tukunyar gaba ɗaya, ka ba layi haƙuri. Abin da ka ce mini kawai shi ne, "Waɗannan wata ɗaya za su yi su tafi. Shi fa?" Mako biyu bai zo ba, kullum idonka na kan ƙofa har ya dawo.

Washegarin jana'izarka ƙafata ta kai ni ƙofar baya, ƙarfe goma. Dattijon ne ya buɗe, da cokalin a hannu. Ya ce tun watan farko ya sani. Ya ɗebo romon da ya dafa da kansa, ya miƙo, yana jira. Na kurɓa. Lafiyata ƙalau, amma ban ji komai ba. Na ce masa in sha Allahu gobe.

Allah Ya jiƙanka, Yaya Mas'udu, Ya haskaka makwancinka, Ya shayar da kai daga Alkausara. Ga mai ɗakinka Sa'adiyya da 'ya'yanku Ruƙayya da Umar Faruq a Gusau, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. Amin.

Uwais, Mansura, Doha