Azurfar da Ban Rubuta Ba

Akwai ranar da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah, ranar da na tsaya gaban maigidana a gidan waya na Gure na faɗa masa abin da na ɓoye wata huɗu. Tun da kun ce in ba ku labarin aikin da, ku da kuka tarar da rediyo yana magana da murɗa maɓalli kawai, to bari in fara daga tushe.

A tsakiyar shekarun 1930 ne. Ni maƙerin fari ne ɗan Damagaram, ƙirar zobe da awarwaro na gada wurin ubana. Ina da shekara talatin da 'yan kai aka ɗauke ni aiki, aka turo ni Gure ƙarƙashin wani Bafaranshe mai muƙamin ajudan, wato gaba da sarjan. Shi ke kula da wayar tangaraho da akwatunan karɓar saƙo ta iska. Yana jin Hausa daidai gwargwado, ba shi da yawan faɗa, amma ba ya yafe ƙarya.

Akwatunan nan biyu ne. Babban yana aiki da fitilun kwalba da ake kawowa daga Faransa, sau da yawa su iso a fashe saboda jijjigar hanya. Ƙaramin kuwa ba ya bukatar komai sai doguwar waya a sama da wani ɗan dutse mai ƙyalli kamar ƙwayar wake. Dutsen nan tozali ne, irin wanda ake niƙawa a yi kwalli. Sai a ɗora masa bakin siririyar waya, a yi ta lalube har a dace da wurin da ke ji, ƙarar saƙo ta fito a kunne. Amma tozalin kasuwa ba shi da tabbas, sai ka fasa dunƙule guda ba ka sami mai ji ba. Shi ya sa Ajudan ya ce mu yi namu da kanmu.

Ga yadda muke yi. A auna dalma da farar wuta, a zuba a 'yar tukunyar ƙasa, a liƙe murfin da laka, a zuga wuta a fili inda iska za ta kwashe hayaƙin, don yana shaƙe mutum. In sun haɗu sun narke, a binne tukunyar cikin toka mai zafi ta huce a hankali har gobe. Sannan a fasa, a gwada kowane ɓari da wata 'yar na'ura mai kuka kamar zanzaro, wadda ke kwaikwayon saƙo. Duk wannan aikina ne, har da rubuta komai a kaye, wato littafin aiki, da ajami, in karanta wa Ajudan ya juya da Faransanci. Dokarsa ɗaya ce: kowane narki, sabuwar tukunya.

Ranar narki na bakwai sabuwar tukunyar ta tsage tun kafin ta ga wuta, maginiya kuma ba ta kawo wasu ba. Ban so yini ya tafi a banza. Na ɗauko tsohuwar tukunyar ubana ta narka azurfa, na goge ta, na yi aikin da ita. A kaye na rubuta "sabuwar tukunya" kamar kullum.

Da muka fasa washegari, kusan duk inda waya ta taɓa sai dutsen ya ji. Ajudan ya yi murna, ya rarraba duwatsun ga ƙananan gidajen waya na gabas, ya bar mana guda. Daga nan kuma sai abu ya ƙi. Narki na takwas, na tara, har na goma sha tara, duk kurame ko masu ji sama-sama. Ya canja awo, ya canja tsawon hucewa, ya sa aka kawo wata dalmar. Ina kallonsa yana ramewa a kan kaye, ni kuwa na san abu ɗaya da ya bambanta. Tsoron kora ya kama bakina, kunya ta ƙara ɗaure shi.

Sai damina ta faɗi. Ciwo ya shiga shanu wajen Kelle da Alakos. Damagaram ta bugo waya cewa likitan dabbobi zai taso da rigakafi, za a sanar da rana da rijiyar da za a tara garkuna, don maganin ba ya jimre zafi, dole ya tarar da shanu suna jira. Kafin sanarwar ta zo, hadari ya kayar da turakun waya. A makon nan kuma fitilar ƙarshe ta babban akwati ta ƙone. Mun san Damagaram za ta riƙa maimaita saƙon ta iska kowace safiya ƙarfe takwas, kamar yadda ƙa'ida take in waya ta yanke, amma dutsenmu guda ɗaya raɓa da maiƙon hannu sun kashe shi. An tura mai doki, sai dai da ruwan da ya cika kwari, zuwa da dawowa sai ya haura mako.

Bulama Ari, dattijon wani ƙauye kusa da Kelle, ya zo ya zauna ƙofar gidan waya da sandarsa. Ya ce mini, "Maƙeri, jiya na binne shanu bakwai. In na tara shanu ba rana, masu ciwo su shafa wa masu lafiya. In na bari suka watse daji, likita ya zo ya tarar da rijiya ba kowa. Ka gaya mini, akwatin naku yana ji ko ba ya ji?"

Na ce, "Baba Bulama, ba ni kwana ɗaya."

Na shiga na tarar da Ajudan. Na ce, "Ajudan, akwai ƙarya a kayen nan, kuma ni na rubuta ta. Narki na bakwai ba a sabuwar tukunya na yi shi ba. Tukunyar azurfar ubana ce."

Ya ce, "Wata huɗu, Isufu?"

"Wata huɗu."

"Me kake tsammani?"

Na ce, "Tukunyar ƙasa tana shan abin da aka narka a cikinta, duk maƙeri ya san haka. Ina da yaƙinin ɗan ragowar azurfa ne ya shiga dalmar. Amma kada mu tsaya kan zato. Mu ɗora tukwane uku yau: sabuwa ba komai, tsohuwar ubana, da sabuwa wadda zan kankare wa azurfa kaɗan. Gobe duwatsun za su yi shari'ar da kansu."

Ya ce, "Maganarmu da kai tana nan. Je ka zuga wuta."

Na zare zoben hannuna na kankare abin da bai kai ƙwayar gero ba. A wannan karon na auna shi, na rubuta. Kafin la'asar tukwane uku suna cikin toka.

Washegari da sassafe muka fasa. Ta farko kurma. Ta ubana tana ji, ba kamar da ba, don azurfar jikinta ta ragu. Ta uku kuwa, waya na taɓa ta na'urar gwaji ta yi kuka a kunnena kamar a cikin kaina take. Na ɗauki ɓarin da hantsaki, ban bari yatsa ya taɓa shi ba, na ɗaura a ƙaramin akwati. Ƙarfe takwas saura kaɗan Ajudan ya sa abin sauraro. Can sai na ga fensirinsa ya fara tafiya.

Saƙon ya ce ranar Alhamis, a babbar rijiyar da ke yamma da Kelle. Ranar nan Litinin ce. Bulama Ari bai tsaya doguwar godiya ba, ya ce, "Allah shi yi wa hannun nan albarka," ya hau raƙuminsa. Likita ya tarar da garkuna a tsaye. An yi asara a shekarar, amma ba irin wadda aka ji tsoro ba.

Maganarmu da Ajudan ta zo da yamma. Bai kore ni ba. Ya sa ni na sake rubuta shafin narki na bakwai da hannuna, na bar tsohon a gefe kowa ya gani. A rahotonsa kuma ya sa sunana a matsayin wanda ya gano amfanin azurfar, ya kuma rubuta cewa ni na jawo jinkirin wata huɗu. Duka biyun gaskiya ne, ban yi gardama ba.

Na yi shekara ashirin da wani abu a aikin nan bayan haka, kuma abin da na gane shi ne: a sana'armu abin da ido bai gani ba shi ke juya sakamako, ɗan ɗigo ya isa. Kuskure ba ya kashe aiki, sau da yawa ma shi ke nuna hanya. Ɓoye shi ne ke kashewa. Saboda haka in hannunku ya kauce daga ƙa'ida, ku rubuta yadda ya kauce, a ranar, kafin ku wanke hannu. Wanda zai karanta bayanku ba shi da wata shaida sai ku, kuma wataƙila akwai wani a ƙofa yana jiran amsa.