Ƙwayar Malam Isuhu

Har gobe ban manta ranar da Malam Isuhu ya kusa sa ni kuka a gaban likita ba. Lokacin ina ma'aikaciyar lafiya a wani ƙaramin asibiti wajen Ɗantutture. Mu ke awo da sa ido a kan marasa lafiya, likita kuwa sai jefi-jefi yake zuwa daga Dutsin-Ma ya duba waɗanda suka gagare mu.

Malam Isuhu manomi ne, dattijo mai barkwanci, ɗiyata yake ce mini. Hawan jini gare shi. Maganin da aka rubuta masa babu shi a wurinmu, sai a kemis a Kurfi, ga tsada, sai ya sayar da gero yake iya saye. Damina ta wuce jinin bai sauka ba. Hankalina ya tashi, don irin wannan ne ke shanye wa mutum ɓarin jiki.

Da likita ya zo, ya ce kafin ya ƙara masa ƙarfin magani yana so ya ga yadda yake sha. Malam ya zaro ƙwaya daga aljihu, ya sa farce ya raba ta biyu cif.

Na ce, "Baba, ɗaya rabin fa?"

"Na Yaya Sule ne. Shi ma kanshi na sara mashi, kuma bai da halin saye."

"Ai naka ne kai kaɗai!"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Ɗiyata, tun muna yara akushi guda muke ci. In haɗiye lahiya shi yana kallo?"

Sai na fasa faɗan da na shirya. Likita ya yi dariya, ya ce a zo da Yaya Sule. Aka auna shi, nasa jinin ya ma fi na ƙanensa hawa. Likita ya sauya musu wani magani mai sauƙin kuɗi da ke aiki iri ɗaya, kowa da nasa. Duk da haka sai da akuyar Malam ta tafi kasuwa.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, kada ku yi saurin cewa mutanenmu ba sa jin magana. Suna ji, aljihu ne bai kai ba, ga zumunci. Ni dai tun ranar ba na tsayawa a "Kana shan maganinka?" Sai na ƙara da, "Ku nawa ke sha?"