Ɗakin da ya toshe wa Inna hanya

Jiya na dawo daga kasuwar albasa a Aliero, na tarar da Inna zaune a gindin sabon ɗakin da na ƙara, tana ɗaga murya ta kan katanga, tana tambayar maƙwabciyarmu Hajiya Tumba ya ƙafa.

Da can akwai 'yar ƙofa a wurin, wadda ta haɗa gidajen biyu. Ta nan suke shiga wa juna tun ina goye, ko mayafi ba sa nema. Da zan ƙara ɗakin, ni na auna, ni na nuna wa magini inda zai aza bulo. Ban shawarci kowa ba, don gidan nan da gumina na tada shi. Ƙofar ta tafi cikin bango.

Yanzu sai an zagaya ta titi, ga su duka biyun gwiwa ta ƙi.

Na ce, “Inna, ki bari kullum in kai ki bisa mashin.”

Ta dube ni ta ce, “Ɗan nan, wadda nika leƙawa da tuwo a hannu, ita za ka kai ni ziyara awa baƙuwa? Bar shi. Ɗakinka ya yi kyau.”

Na lissafa siminti da kwano, ban lissafa inda mutanen gida ke bi ba. Jama'a, in ku ne, za ku fasa bangon?