Motar Taubashina da Idon Inna

Ban san mota sosai ba, gara in faɗi wannan tun farko. Takardar lisansina ta jami'a ta kwamfuta ce, ita ma ban cika yarda da ita ba. Amma na iya karatu, kuma a harkar da zan ba da labari wannan kaɗai ya isa.

Taubashina, ɗan kawuna, ya dawo Gure daga Kwatano da wata jar mota mai ƙofa biyu, cikinta kusan yana shafar ƙasa. A garin da rairayi ke cinye ƙafar jaki, shi irin motar da ya ga ta dace ke nan. Kan kwalta kawai take iya tafiya, don haka a bakin hanya yake ajiye ta ya ƙarasa gida a ƙafa, makulli na lilo a yatsa. 'Yan fadarsu kuwa, masu wuni kan shayi, suka mayar da ita abin ziyara.

Wata rana ya zo mini da waya a hannu, 'yan fadar na biye da shi.

"Malam Wataƙila, ɗauko kwamfutarka. Za mu buɗe mata ƙwaƙwalwa."

Ya nuna mini abin da ake sayarwa. Akwai ɗan akwatin da ake maƙala wa inji, akwai manhajar da ake zubawa cikin kwamfutar motar mataki-mataki, akwai kuma wadda ke sa bututun hayaƙi ya riƙa fashewa kamar ana harbi. Ya zaɓi mataki na biyu haɗe da harbin. Na karanta bayanin da ke ƙasa da ƙananan baƙaƙe, wanda ina jin shi bai taɓa kallo ba. An rubuta cewa sai da esansi mai daraja, irin na gidajen man Turai.

Na ce, "Ina ganin, ban dai tabbata ba, man kwalba da kake saye wurin 'yan ruwa-ruwa ba zai yi da wannan ba."

"Mai ai mai ne. Kai ko ruwa aka ba ka sai ka tambayi takardarsa."

Fada ta kwashe da dariya. Na ƙi taɓa motar. Sai ya samo wani a Damagaram da ya yi masa aikin, ya dawo yana zagaya gari, motar na tatata, awaki na tsinke igiya, tsofaffi na salati. Shi a ganinsa girma ne.

Da abin ya tsaya nan da ban rubuta shi ba. Amma a lokacin yanar ido ta rufe wa Inna, mahaifiyata, ido ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo. Likitocin ido baƙi sun sauka Damagaram na ɗan lokaci, aka ba ta rana ta ƙarshe kafin su tashi. Na riga na yi magana da direban motar haya. Sai taubashina ya durƙusa gabanta.

"Gwaggo, ina raye ki shiga motar kasuwa? Kafin shayi ya tafasa kin isa."

Na ce wataƙila gara mu bi ta haya. Inna ta ce, "Ɗan ɗan'uwana ne. In na ƙi, ubansa zai ji." Aka naɗe ta a kujerar gaba, ni aka cusa ni baya, gwiwa a haɓa. Ya tsaya a bakin gari aka ɗura masa kwalabe.

Da farko ta yi gudu, wannan ba zan hana shi ba. Bayan mun wuce Gidimuni rana ta ɗaga, sai injin ya fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wata fitila ta kama a gabansa. Motar ta rage wa kanta ƙarfi, ta koma tafiyar amalanke. Yana taka ta, ita kuma tana harbinta. Abin da ya saya ke nan, kuma shi kaɗai ne bai lalace ba.

Inna ta ce, "Yaro, wa ake harbi?"

"Ba kowa, Gwaggo. Ƙarfi ne."

Motar hayar da na bari ta wuce mu cike da mutane da kaji, direban ya ɗaga mini hannu. Muka isa likita bayan la'asar, an tattara kaya, mai gadi yana jan ƙofa.

A hanyar dawowa taubashina ya ce laifin mai ne. Ya faɗa da muryar wanda ya gano wani sabon abu. Har ya tambaye ni ko akwai mataki na uku da zai gyara matsalar.

Inna ta ƙara shekara tana laluben bango kafin ta kai randa. Ba ta taɓa ambata maganar a gabansa ba, ni ma ta hana ni. Da likitocin suka dawo, na kama mata kujerar gaba a motar haya tun jajibiri, na kuma ce wa mutanen gida kada kowa ya gaya masa ranar.