Kwanon Dusar Oga Zacharia

Shekara ashirin da ɗaya ina tuƙa motar kashe gobara a Mubi, kuma duk tsawon lokacin nan Zacharia Kwaji ne a kujerar gefena. Mutumin Michika ne, gajere mai faɗin ƙirji. Wajen riƙon tiyo ban ga kamarsa ba. Amma yana da wani hali da ya sha sa ni jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da zarar wuta ta mutu, tun hayaƙi bai gama tashi ba, sai ya zaro wani littafi mai baƙin bango ya nufi masu gida. Mutum na tsaye yana kallon tokar ɗakinsa, Oga zai tambaye shi abin da ya fara ɗauka da zai gudu. Wata mata a Sabon Layi ta taɓa bin sa da muciya har bakin mota. Muna tashi ya rubuta cewa muciya ta ɗauka.

Littafin nan ya ga abin mamaki. Akwai telan da ya bar keken ɗinki ya fito da tef ɗin awo a wuya. Akwai malamin makarantar da ya tsaya ya kulle ɗakin da ke ci, ya jijjiga kwaɗon don ya tabbatar, sannan ya ruga. Wata ta bar takardun gidanta ta fito da tsintsiya. Daga nan Oga ya gano cewa in rai ya firgita, hannu yakan ɗauki abin da ya saba ɗauka kowace safiya ne kawai. Burinsa ya mai da littafin abin koyar da sababbin ma'aikata kafin ya yi ritaya.

Maganin firgita a wurinsa horo ne, kuma matarsa Dibora ce ta sha wahalar wannan ilimi. Ana tsakiyar cin tuwo sai ya ce wuta, ya duba agogo ya ga minti nawa za ta yi kafin ta kai ƙofa. Ya rataye jaka a bakin ƙofar, da takardunsu da littafin a ciki. Dokarsa biyu ce: ɗauki jaka, kuma kada ka koma ko me ka bari. Har a coci ya yi wannan wa'azi, yana kawo misalin mai tsintsiya ana ta dariya.

Ran da 'yan bindiga suka shigo gari, ƙarshen Oktoban 2014, da safe ne. Ni ban san yadda na fita ba, na dai tsinci kaina a hanyar Sahuda ta bakin iyaka cikin dubban mutane, takalmina ƙafa ɗaya. A gindin wata tsamiya na hango su. Dibora na riƙe da wuyan hannunsa na hagu, shi kuma ya rungume wani abu da na dama. Da na matso sai na ga kwanon dusar kajinsa ne, ko ɗigo bai zubar ba.

Allah ya yafe mini, dariya ta ƙwace mini a wurin da ba a dariya. Sai a lokacin ya dubi hannunsa. Ya daɗe yana kallon dusar, sannan ya ajiye kwanon a hankali ya juya ya fuskanci gari, inda harbi bai tsaya ba. Ya ce jakar na nan a ƙusa, minti arba'in ya isa ya je ya dawo. Na san in Oga ya sa kansa abu ba ya fasawa. Na tuna masa dokarsa ta biyu, ya ce dokar ta farar hula ce.

Dibora ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma saki hannun ba.

“Baban Rut, shekara nawa ni ne ina jan wannan hannu kowane safe kafin ka tashi? Ni na ɗauki nawa. Kana so ka ƙwace mini a hanya?”

Sai ya sunkuya ya ɗauki kwanonsa, muka bi ayari. Da kwanon nan muka sha ruwa kwana uku.

Da muka dawo bayan wata biyu, ba jaka, ba kaji, ba rufin ɗaki. Ƙusar ce kawai a bango. Na ji masa zafi fiye da yadda na ji wa kaina, don ni takalmi na rasa.

Ya yi ritaya a 2017. Har ya bar aiki bai daina tambayar mutane ba, sai dai ya koma bari su zauna su sha ruwa tukuna, kuma ban sake jin ya ba da labarin mai tsintsiya ba. Ranar sallama ya nuna mini sabon littafinsa. Layin farko ya rubuta: Zacharia Kwaji, ma'aikacin kashe gobara, kwanon dusa. A ƙasa: Dibora Kwaji, matar gida, Zacharia.